Gadar Mashaya: Ranar Da Aka Tuge Bedi

Shafi na 37
Daga alƙalamin Mutmainna 'yar Jibiya

Salamu alaikum mutanen gidan nan. Kwana uku kun ji ni shiru, ba yanga ba ce, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ke kuma Ummu Salma da kika turo min saƙo har sau tara, wai in ban rama wa Khadijatu ba za ki fice daga gurup, to dawo ki gyara zama. Yau ranarku ce.

Sababbin shiga, ga inda muke. Khadijatu Lawwali injiniyar muhalli ce a kamfanin da ke gina gadar Mashaya, kan sabuwar hanyar da ta fita daga cikin Jibiya ta nufi boda. Lokacin aiki katafila ta share duk itatuwan bakin rafin, kwangila kuma ta ce ba za a karɓi gada ba sai an mayar da itace. Manaja Mudathir ya sa aka yi dashe tsakiyar rani. Ta ce a jira ruwa, ya ƙi. Dashe ya mutu kaf. Ya kawo mata takarda ta sa hannu wai yana raye, ta ƙi, sai ya dakatar da ita ya ɗora mata laifin. Wata shida ke nan. Yau kwamiti zai zo daga Katsina karɓar aiki, kuma takardar korarta tana cikin fayil ɗin da za a sa wa hannu.

*

Ƙarfe tara aka ce kwamiti zai iso. Ba su iso ba sai ɗaya saura.

Wannan lattin shi ya fara jiƙa wa Manaja Mudathir riga da gumi.

Jiya da la'asar gaɓar rafin ta ɓangaren gari fili ce fetal, ko tsinke babu. Yau aka wayi gari da bedi layi-layi, kore shar, kowanne ya kai kafaɗar mutum. Bedi dai da kuka sani, wanda ku Kanawa kuke wahalar da baki kuna ce wa darbejiya.

Duk Jibiya ta san itace ba ya girma tsakanin la'asar da safiya. Amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Direbobi sun gaji da zagaye ta cikin yashi, 'yan kasuwa sun ƙagu a buɗe gada, leburorin kuma 'ya'yan gari ne.

Rana ce kawai ta ƙi shiga cikin shirin. Tun sha ɗaya ganyen ya fara langaɓewa, har sau uku Mudathir yana sa tanka ta bi layi tana fesa ruwa.

Khadijatu na tsaye bayan rumfa cikin 'yan kallo, hular kwanonta ta aiki a hannu. Kusa da ita Inna Mariya ce, dattijuwar nan 'yar dako mutuniyar Maradi, ta sauke buhunta ta zauna a kai tana fifita da gammo.

"Uwata."

Ta juya da sauri. Mahaifinta ne, Malam Lawwali. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

Ta rusuna. "Baba, ina wuni."

"Mi ya kawo ki nan?"

"Aikina za a karɓa, Baba."

"Aikin da aka kore ki?"

"Dakatar da ni aka yi. Korar sai yau."

Ya matso ya rage murya.

"Ki koma gida. Ki bari a sa hannun nan lafiya, a buɗe gada, kowa ya huta. Wata shida ba na iya zama majalisa. Ina tashi za a ce ga uban wadda ta kashe dashen gwamnati."

"Baba, ka san ba ni na kashe ba."

"Na sani. Amma yau dai ki yi shiru. Na roƙe ki."

Tunda take a duniya bai taɓa ce mata ya roƙe ta ba. Idonta ya ciko. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Inna Mariya ta ja tsaki ƙasa-ƙasa. Tsakanin uba da ɗiya ba ta shiga.

Shugaban kwamitin, Dakta Zunnuraini, wani ɗan siririn dattijo ne mai farin gemu da tabarau, ba ya son yawan magana. Shi mutumin kankare ne. Ya fi rabin awa a ƙarƙashin gada yana ƙwanƙwasa ginshiƙai yana leƙa mahaɗa, ya fito yana kaɗa kai alamar ya gamsu. Gadar kam ta yi, wannan ba ƙarya, maƙiyi ma ya gani ya san an yi aiki.

Itatuwan kuwa kallo ɗaya ya yi musu daga nesa. Aka kai shi gun wani bedi guda da ke gaban rumfa, mai allo da sunan Dakta a jiki, aka miƙa masa buta ya shayar, aka tafa. Bedin nan kaɗai ne mai saiwa a duk wurin.

"Can tsallake fa?" Dakta ya tambaya.

"Can ma haka yake, ranka ya daɗe," in ji Mudathir. "Sai dai hanyar ba ta da kyau, kar mu wahalar da kai."

Aka koma rumfa, aka buɗe fayil. Da Mudathir ya yi shiru a nan, wallahi da ya sha. Amma mutumin nan in ya ga lasifika ba ya iya haƙuri.

Ya karɓa ya gyara murya.

"Jama'a, mun gode wa Allah. Duk da zagon ƙasan da wata ma'aikaciyarmu ta yi mana, yarinya 'yar garin nan, wadda sakacinta ya kashe dashen farko, ba mu karaya ba. Mun sake dasa bedi ɗari shida, ga su nan kuna gani. Ita kuma yau za ta san makomarta, don ya zama darasi ga iyayen da ke tura yara karatu ba tarbiyya."

Mutane suka fara juyowa suna neman Malam Lawwali da ido.

Khadijatu ta ga mahaifinta ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

Nan zuciyarta ta tashi. Ta durƙusa gabansa har ƙasa.

"Baba, da ni kaɗai ya zaga da na haɗiye. Ka yafe min."

"Uwata, tsaya."

Ba ta tsaya ba. Ta ratsa mutane ta nufi rumfa, Inna Mariya na biye da ita tana ɗaura ɗamara da mayafi. Mai gadi ya tare su da sanda. Khadijatu ta ɗaga murya ta saman kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe, ni ce yarinyar da ake magana."

Dakta Zunnuraini ya ɗago, biro a hannu.

"Bar ta ta shigo."

"Ranka ya daɗe, wannan ba ma'aikaciya ba ce yanzu," Mudathir ya ce da sauri. "An dakatar da ita."

"Takardarta zan sa wa hannu, ai gara in ga fuskarta. Malama, kina da abin cewa?"

"Ba ni da dogon bayani. Alfarma ɗaya nake roƙo kafin ka sa hannu."

"Ina ji."

"Ka zaɓi bedi ɗaya, duk wanda ka ga dama, ban da wanda ka shayar. Ka kama ka ja."

Mudathir ya kwashe da wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ka ji ko, ranka ya daɗe? Ta kashe na farko, yanzu ta zo a tuge na biyu. Dashe ai jariri ne. Wa yake jan dashe?"

"Yaushe aka dasa su?" Dakta ya tambaye shi.

"Farkon damina."

"Wata huɗu ke nan," in ji Khadijatu. "Bedin da ya sha damina guda saiwarsa ta kama, hannu ɗaya ba zai fitar da shi ba. In ka ja ya ƙi fita, ba sai ka wahala ba, ni zan rubuta takardar barin aiki da hannuna, in ba Manaja haƙuri gaban jama'ar nan."

Aka fara ƙus-ƙus. Wani daga cikin 'yan kasuwa ya ce, "Yarinyar nan za ta ja mana."

Mudathir ya duba agogo.

"Ranka ya daɗe, lokacin salla ya yi, ga abinci yana hucewa. A sa hannu kawai, sauran mu yi a ofis."

Dakta ya dube shi ta saman tabarau, ya ɗan jima yana dubansa. Sannan ya ajiye biro ya miƙe.

Ya bi layin yana tafiya a hankali. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya wuce na biyar. Gun na bakwai ya tsaya. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ware ƙafa, ya kama da hannu biyu kamar mai shirin jan guga a rijiya mai zurfi.

Ya ja da iya ƙarfinsa.

Abin ya fito salin-alin. Dakta ya yi baya taga-taga, ya zauna daɓas cikin caɓin da tanka ta yi, hula ta yi gefe guda, bedi na hannunsa.

Ba wanda ya yi dariya. Kowa gindin yake kallo.

Babu saiwa ko ɗaya. Reshe ne ɗanye, an fiƙe gindinsa da adda an yi masa tsini kamar turken akuya.

'Yan kwamiti suka ruga za su ɗaga shi, ya ɗaga musu hannu. Ya tashi da kansa, bai ko kakkaɓe rigar ba. Ya juya reshen yana duba tsinin.

"Manaja Mudathir, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe... wataƙila wannan ɗin ne ya karye aka..."

Inna Mariya ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta isa gun na takwas, ta sa yatsa biyu ta zare shi, ta ajiye gaban Dakta.

"Wanga ma ya karye?"

Ta zare na tara.

"Wanga hwa?"

Ta juya ta ɗaga wa 'yan uwanta mata 'yan dako hannu.

"Ku taho ku taya Manaja dubawa, ko za a dace da mai rai."

Jama'a, ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na dara. Matan nan suka bazu cikin layi suna zarewa suna jefarwa. Direbobi suka ga abin ya zama wasa suka shiga. Har 'yan kasuwan da ke cewa za a ja musu, sai ga su ana rige-rige da su. Kafin minti goma gaɓar ta koma yadda take jiya da la'asar, ga kuma kwazazzaban da ruwa ya ci a gindin gada sun bayyana, an cusa musu yashi an lulluɓe da ganye.

Bedi ɗaya ya rage a tsaye, mai allo.

"Wallahi ban sani ba," in ji Mudathir. "Leburori ne. Na ba su aiki suka ha'ince ni."

Daga bayan tanka wani lebura ya amsa.

"Oga, ka ji tsoron Allah. Kai ka ce a fiƙe gindin don ya shiga ƙasa da kyau."

Wannan karon kam aka yi dariya har da masu riƙe ciki.

Dakta bai yi ba. Ya koma rumfa ya rufe fayil.

"Ba zan karɓi aikin nan ba. Gada ta yi kyau, amma gindinta tsirara yake. Damina biyu ruwa zai cinye ƙasar nan ya bar ginshiƙai a waje. Gada tana rufe sai an gyara."

Dariyar ta ɗauke nan take. Direbobi suka fara gunaguni. Wani ya ce, "Shi ke nan, mun koma cikin yashi." Wata mata ta nuna Khadijatu da baki ta ce, "Hankalinki ya kwanta."

Mudathir ya ga ƙofa ta buɗe masa, ya faɗa.

"Kun gani ko? Abin da nake guje muku ke nan. Ƙasar nan ba ta riƙe itace, kowa ya sani. Ita da aka ɗauka don ta san dabara, me ta tsinana? Ta nuna mana ganye ɗaya da ta raya a wurin nan."

Khadijatu ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, gaɓa biyu gare rafin nan. Ɗaya ka gani."

Dakta ya dube ta.

"Me ke can?"

"In ka yarda ka taka, minti biyar ne."

Ya ɗauki hularsa mai caɓi ya mayar a kai.

"Mu je."

Ita ta fara sunkuyawa ta wuce ƙarƙashin ƙyallen da aka ɗaura don yankawa. Dakta ya bi ta, kwamiti ya bi Dakta, gari ya bi kwamiti. Haka aka yi, mutum na farko da ya taka gadar Mashaya ranar bikinta ita ce wadda aka zo kora.

A ƙarshen gadar akwai shingen kwano na yadin kamfani, bayansa kuma tulin jar ƙasa da ya fi gida tsayi. Tun da ruwa ya sauka Mudathir bai taɓa zagayawa bayan tulin nan ba, don motarsa ba ta shiga.

Suka zagaya.

Dakta ya tsaya cak.

Daga gindin gada har inda rafin ya karya, kore ne. Ba layi, ba allo, ba fenti. Kalgo ne da sabara da aduwa da magarya, nan da can ga 'yan gawo sun miƙe. Wasu iya ƙugu, wasu sun fi Dakta tsayi. Kowanne an ɗaura masa ƙyallen tsohuwar atamfa a wuya. Ƙasar gaɓar tana nan daram, ciyawa ta rufe ta, ba kwazazzabo ko ɗaya.

Mutanen gari suka yi cirko-cirko. Da yawansu sun sha ganin Khadijatu tana ƙetarawa da sassafe da lauje a hannu, har ana cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai, ta koma yin itace da 'yan dako.

"Wa ya dasa waɗannan?" Dakta ya tambaya.

"Ba wanda ya dasa, ranka ya daɗe."

"Ban gane ba."

"Inna ce za ta yi bayani. Ita ce malamar."

Inna Mariya ta gyara ɗamara ta matso.

"Alhaji, mu ba mu yi lakwal ba, boko ke nan, amma mun san icce. Katafilarku kai ta aske, ba ta kai ga gindi ba. Icce shina nan ƙarƙashin ƙasa da ransa, saiwa tai ta hi shekarunka."

Ta durƙusa ta share ƙasa a gindin wani kalgo da tafin hannu. Sai ga baƙin kututture mai kauri, sababbin rassa uku sun fito daga jikinsa.

"Ka gani? Duk sati sai shi toho. Duk sati kuma sai wancan Manajan ya turo masu adda su sare, wai ciyawa ce, wuri shi yi tsabta baƙi na zuwa. Suna sare mai rai, suna dasa na leda cikin rana."

Wani direba ya ce, "Wallahi haka aka yi, da idona na gani."

"To ku ya kuka yi?" in ji Dakta.

"Kututture guda shina hiddo toho goma. In ka bar su duka, ba wanda za shi girma. Sai ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarhi, ka datse sauran, ka ɗaura ƙyalle kowa shi san da mai shi. Shi ke nan. Ba tanka, ba taki. Mu can sassaben zamani muke ce mashi, gonakinmu duk haka munka maido da icce."

"Wa ya sa ku?"

"Rana ta sa mu. Mu muke ɗauko kaya daga boda bisa kai. Da, nan muke saukewa mu sha inuwa. Tun da anka aske wurin ga, babu inda mutum za shi raɓa. Ran nan na iske ɗiyar ga zaune bisa dutse tana kuka an kore ta, na ce tashi, kuka ba shi tsiro da komi, zo ki ga abu."

Dakta ya juyo ga Khadijatu.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Shekara biyar na yi a jami'a, ban taɓa durƙusawa na tona gindin kalgo ba. Inna ta nuna min. Ni kuma na auna gaɓar, na nuna inda ruwa ya fi duka, muka fara da nan. Mu goma sha tara ne. Masu ƙyalle dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in, jiya na sake zagayawa."

Dakta ya sake naɗe hannun riga ya nufi wani kalgo. Wannan karon sai da ya waiwaya ya duba inda zai faɗi, mutane suka fashe da dariya.

Ya kama ya ja.

Ko motsi.

Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya saki yana haki, ya yafuto wani ɗan sanda ƙato da ke cikin rakiya.

"Zo gwada."

Ɗan sanda ya miƙa wa abokinsa hula, ya tofa yawu a hannu, ya kama. Ya ja, ya murɗa, ya yi nishi. Ganye kawai ya tsinko.

"Yallaɓai, wannan sai katafila."

"Ita ma ta gwada ta bari," in ji Inna Mariya.

A nan Dakta Zunnuraini ya yi dariyarsa ta farko tun da ya sauka a mota.

Mudathir ya kutso, rigarsa ta manne a baya.

"Ranka ya daɗe, wannan ai daji ne. Sabara da kalgo? Abin da ake sharewa a gona? Mu dashe aka ce mu yi, na zamani."

"Ni an aiko ni in ga itace mai rai da zai riƙe gindin gada," in ji Dakta. "Naka na ja na faɗi. Nata na ja na kasa. Kana da sauran magana?"

Mudathir ya ja da baya.

Dakta ya juya ga Inna Mariya.

"Baiwar Allah, can ɓangaren gari fa? Akwai sauran masu rai a ƙasa?"

"Suna nan, Alhaji. A hana masu adda kawai, a ba mu wuri. In damina ta zagayo ka dawo ka sha inuwa."

Ya karɓi fayil daga hannun sakatarensa, ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga sama.

"Wannan ita ce takardar korar Injiniya Khadijatu Lawwali."

Ya yaga ta biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya zuba a aljihu.

"Daga yau gaɓa biyun nan suna hannunta. Matan nan goma sha takwas a ɗauke su aiki da sunansu, ba a matsayin taimako ba. Manaja kuma zai bi mu Katsina ya yi bayani. A kan wannan sharaɗin na karɓi gada. A buɗe ta."

Guɗar da matan Maradi suka saki, na rantse har masu duwan da ke bakin boda, wato 'yan kwastan, sai da suka ji. Direbobi suka ruga gun motocinsu, oda ta kaure ko'ina. Aka yanke ƙyalle ba tare da an jira mai hoto ba. Wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, shaƙe da buhunan masara ita ta fara hawa, direban ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu yana kiran, "Injiniya, Allah shi biya."

Inna Mariya ta fizge hular kwanon daga hannun Khadijatu ta kifa mata a ka bisa ɗankwali.

"Sa abinki, ɗiyata. Wata shida kina riƙe da ita kamar kwanon awo."

Khadijatu na dariya hawaye na zuba. Daɗi ya cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba. Mutanen da suka daina amsa gaisuwarta a layi yau su ne a gaba, kowa na cewa dama shi ya san yarinyar nan ba za ta yi haka ba. Har da matar ɗazu mai nuni da baki. Mutane ke nan, Allah ya shirye mu.

Ita kuwa mutum ɗaya take nema cikin taron. Ta hango shi can jikin shingen kwano shi kaɗai. Ta yunƙura za ta je gare shi, Dakta ya kira ta.

"Injiniya, saura abu ɗaya."

Ta dawo. Ya miƙa mata biro da farar takarda a kan fayil.

"Reshe ɗari shida ba daga sama suka faɗo ba. An aske itatuwan wani aka kawo. Wanda ya ba da umarni da wanda ya ba da itacen, duk sun haɗu sun yaudari hukuma, kuma hukuma zan miƙa su. Leburori an sa su ne, ba ruwana da su. Ke ce jami'ar muhalli, ke za ki rubuta sunayen."

Ta karɓa. Na farkon bai ba ta wahala ba. Ta rubuta Mudathir da manyan baƙaƙe, har da jan layi a ƙasa.

"Na biyu," in ji Dakta. "Manaja, gonar wa aka sara?"

Mudathir ya ɗago. Tun da aka tuge bedin farko bai yi murmushi ba sai yanzu.

"Injiniya, kin tabbata kina so a faɗa a nan?"

"Faɗi. Ko waye."

"Ba sai ya faɗa ba."

Muryar daga baya ta fito. Mutane suka dare. Malam Lawwali ya tako a hankali har gaban Dakta, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Bedin gonata ne, ta hanyar Gangara. Ni na ba da, ni na nuna masu waɗanda za su sara."

Biron ya tsaya a hannun Khadijatu.

"Baba..."

"Ya zo har gida shekaranjiya. Ya ce in aka sa hannu lafiya zai janye takardarki, ki koma aikinki, magana ta mutu. Na ga kin rame, Uwata. Na ce in dai bedi ne, a sare duka."

Motoci na ta wucewa a kan gada.

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai karɓi takardar ba, bai kuma ce ta bari ba.

Khadijatu ta dubi takardar, ta dubi mahaifinta.

Malam Lawwali ya sa yatsa ya nuna mata wurin da babu rubutu, ƙarƙashin sunan Mudathir.

"Rubuta, Uwata. Yau kin hana kowa ƙarya a garin nan. Kar ki fara a kaina."